Ɗakuna Goma Sha Ɗaya da Na Gina a Cikin Kwamfuta

Na roƙi Allah ya mantar da ni, na roƙi matan makarantarmu su daina tuna mini, amma dai ba zan taɓa mantawa da Larabar nan ba. Ranar ce na ɗauki kwamfuta a buɗe kamar mai tallan goro a faranti, na faɗa aji ko sallamar kirki babu, na ɗora wa malamin da ya koya mini rubuta sunana laifin da bai san da shi ba.

Ni dai ban taɓa zama a kan bencin makaranta ba sai da na haifi 'ya'ya shida. Ina da shekara talatin da bakwai na shiga makarantar matan aure a nan Faskari, kuma Malam Sabi'u ne ya sha fama da ni. Dattijo ne dogo, mai farin gemu, mai wani tsohon babur da duk unguwa ta san tarinsa. Wata uku ya yi yana gyara mini harafin farko na sunana, ina rubuta shi a kife, yana cewa, "Sake, ɗiyata, ba sauri muke ba." Da na gama, sai abin ya shiga raina. Na tafi Ƙanƙara wurin yayata na yi wata shida ina koyon kwamfuta a hannun wata Malama Rukayya. Da na dawo, shugabar makarantarmu, Hajiya Asabe, ta ce in zama sakatariya. Daga nan kaina ya kumbura (gaskiya ce, ba zan ɓoye ba).

Kafin ni, Malam Sabi'u ne ke rubuta komai da hannu: sunayen ɗalibai, sakamakon jarrabawa, takardun shaida. Rubutunsa kuwa abin kallo ne. Da aka kawo kwamfuta aikin ya dawo hannuna, sai ya riƙa cewa in ya leƙo ofis, "Na'ura ba ta da amana, ɗiyata. Takarda ko ta tsufa tana nan inda kika aje ta." Shi nasiha yake yi. Ni kuwa na rubuta a zuciyata cewa hassada ce, na ajiye ina jiran rana.

To, akwai wata dabara da Malama Rukayya ta haɗa mini. Ta ga ina mance adana aiki, ina kuma wahala da rubuta kwanan wata, sai ta saita mini madannai uku: kontirol, da mai hoton taga, da harafin D. In na danna su tare, kwanan wata ya hau ƙasan takarda, aikin kuma ya adanu a take. Har ɗigon jan farce ta sa mini a kan kowanne don kada in ɓata. Shekara biyu ina haka. Ban san wata hanyar adanawa ba, ban kuma nemi sani ba. Ƙari a kan haka, ina taƙama da cewa ba na kallon fuskar kwamfuta in ina bugawa. Idona na kan takarda, yatsuna na gudu, in wani ya shigo in ƙara ɗaga kai sama don ya gani. Haruffan ma manya-manya nake sa su, saboda idona ya fara neman tabarau ni kuma na ƙi yarda.

Ana saura mako guda bikin yaye ɗalibai, aka kawo mana sabuwar firinta don buga takardun shaida. Ta ƙi magana da kwamfutar. Aka ce sai an sabunta babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. Malam Sabi'u na da zuwa Ƙanƙara gaida ƙanwarsa, sai Hajiya ta naɗe kwamfutar a zane ta ba shi ya kai wa mai gyara. Ya dawo da ita ranar Talata, ya miƙo mini yana murmushi. "An yi mata sabon kai," in ji shi. Na kunna, na ga ta canza fuska, ta kuma ƙara nawa, amma komai na nan. Na ce madalla.

Yanzu ku fahimci abin da ke hannuna ranar Laraba. Jarrabawar ƙarshe ta baki ce. Kowace mace ta tashi ta karanta, ta yi lissafi a allo, wani mai duba makarantu da ya zo daga Sabuwa yana rubuta makinta a takarda. Mata arba'in da uku, wasu daga nan cikin gari, wasu daga Mairuwa, Daudawa da Tafoki. Babu wani kwafi ban da waɗannan takardun nasa. Mutumin kuma ya faɗa da bakinsa cewa yadda hanya take yanzu, ba zai sake zuwa ba sai baɗi. In makin nan ya ɓace, babu takardar shaida ranar Asabar. Akwai matan da sai da aka yi ta kai ruwa rana da mazajensu kafin a bar su su yi shekara ukun nan. Akwai Inna Hajjo ta Tafoki, tsohuwa mai jikoki, wadda ta riga ta gayyaci dangi har da dafa fura.

Tun ƙarfe takwas na buɗe sabon shafi na hau bugawa. Suna, gari, maki. Suna, gari, maki. Wuta kuwa tun jiya ba a kawo ba, batir nake ci. Wajen sha ɗaya da rabi na buga sunan ƙarshe, na miƙe ina miƙa, sai ga Hajiya Asabe ta leƙo da kwali a hannu.

Mu a makarantarmu ba a zubar da takarda a shara. Kusan kowace da Bismillah a samanta, ga sunaye irin su Abdullahi da Abdurrahman na iyaye da mazaje. Don haka duk ƙarshen zango ake tara tsofaffin takardu a ƙone su a bayan aji, a binne tokar. Ranar ce aka sa.

"Sakatariya, akwai na ƙonawa a wurinki?"

Na dubi takardun mutumin Sabuwa. Wallahi da bakina na ce, "Ga waɗannan ma, Hajiya. Na gama da su."

"Ki tabbata fa. Ko a bar su sai bayan biki?"

"Haba Hajiya, wane zamani muke? Suna cikin kan na'ura."

Ba ma ba ta na yi ba. Ni na bi ta bayan ajin, ni na jefa su a wuta, har da sa kara ina juyawa don su ci da kyau. Malam Sabi'u ya wuce zai shiga aji, ya tsaya ya dube ni. Na ƙara juya tokar don ya gani.

Na dawo ofis ina ƙaurin hayaƙi, na zauna, na ɗora yatsu uku a kan jan farcen nan, ina kallon taga kamar yadda na saba. Na danna. Da na sauke ido, babu komai. Ba suna, ba maki, ba shafin ma gaba ɗaya. Fili fetal da hoton wani tsauni.

Da farko ban tsorata ba. Na duba inda fayiloli ke zama, babu sabo. Na buɗe manhajar rubutu, ta kawo mini farin shafi. Na rubuta "gwaji gwaji", na kau da kai, na danna ukun nan. Shi ma ya tafi. Na sake har sau huɗu, duk suka tafi. Nan ne gumi ya fara bin bayana. Na tuna toka. Na tuna Inna Hajjo da furarta. Sai na tuna wanda ya ɗauki kwamfutar ya kai Ƙanƙara, da murmushin da ya yi lokacin da ya miƙo ta, da kallon da ya yi mini a bakin wuta. Cikin minti ɗaya na gama bincike, na yi shari'a, na yanke hukunci.

Na ci gaba da gwadawa, amma yanzu ba "gwaji" nake rubutawa ba. Abin da ke cina a rai nake zubawa, tunda na ga duk abin da na rubuta ɓacewa yake. (Ku riƙe wannan, zai dawo.) Da fushin ya gaji, na koma roƙon Allah, shi ma a rubuce. Sau goma sha ɗaya na danna madannan nan. Batir ya nuna saura kashi goma sha huɗu.

Sai na sunkuci kwamfutar na nufi aji.

Malam Sabi'u na tsaye gaban allo yana koya wa matan yadda za su fito su karɓi shaida ranar Asabar. Aji cike, har da goyo. Na dire kwamfutar a kan teburinsa.

"Malam, mi na yi maka?"

Ya cire tabarau. "Lahiya, Sakatariya?"

"Ina fa lahiya! Ka kai ta Ƙanƙara ka sa an lalata ta! Tun ran da aka ba ni aikin nan ba ka so. Kullum na'ura ba amana, na'ura ba amana. To ga shi burinka ya cika, makin matan nan duka ya tafi, takardun kuma ka ga na ƙone da idonka, ka yi shiru!"

Sai wata daga baya ta ce, "Innalillahi, makinmu?" Inna Hajjo ta dafe ƙirji. Hajiya Asabe ta shigo da gudu, mayafi a hannu. Ni kuwa na riga na hau, ba sauka. Na ce a gaban kowa in dai yana da gaskiya ya faɗi abin da ya ce wa mai gyaran. Mutumin da ya haife ni a karatu, na tsaya ina nuna shi da yatsa.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ni abin da na ce masa, a gyara. Ban san wata kalma ba bayan wannan. Zamna ki nuna mini yadda ta yi."

"Bari in kashe ta in kunna, ƙila ta dawo hankalinta," na ce, na kai yatsa wurin makunni.

"A'a, dakata. Ba ki san inda aikin yake ba, kada ki kashe. Sake yin abin da kika yi. Amma wannan karon ki dubi abin da ke gabanki. Tun kina aji ɗaya matsalarki ke nan, hannu na gaba ido na wani wuri."

Aka yi 'yar dariya. Na haɗiye, na buɗe shafi, na buga harafi biyu, na danna ukun nan ina kallo. A karo na farko na ga abin da ke faruwa. Shafin bai goge ba. Zamewa ya yi gefe, kamar an ja labule, wani fili ya shigo madadinsa.

"Kin gani?" in ji Malam. "Ni ban san na'ura ba, amma na san gogewa, shekara talatin ina goge allo. Wannan ba gogewa ba ce. Gefe ya matsa. Kira wadda ta koya miki."

Batir saura kashi tara. Na kira Malama Rukayya a waya, Hajiya ta ce in buɗe murya kowa ya ji. Na zayyana mata komai. Sai ta fashe da dariya har tana tari.

"Wayyo Yaya, laifina ne, ban san za a sabunta ta ba! Madannan nan uku da can ba su da mai su, shi ya sa na ba ki. Sabon tsarin ya ƙwace su ya ba su wani aiki. Yanzu duk dannawa ɗaya, sabon ɗaki yake buɗe miki, wanda kike ciki ya koma baya. Sau nawa kika danna?"

"Sha ɗaya. Da na yanzu sha biyu."

"To kin gina gida guda! Aikinki na can ɗakin farko, ba a adana shi ba, in ta mutu kuwa sai addu'a. Riƙe kontirol da mai taga, ki riƙa danna kibiyar hagu, ɗaki-ɗaki, har ki isa. In kin isa, kontirol da S kawai. Yi maza!"

Don ku sani, sha ɗayan nan su ne na ofis, su mata suka riƙe. Na ajin ba a lissafa mini shi, sun ce wannan bisa umarnin Malam na gina.

Matan suka taso suka kewaye teburin. Na riƙe madannai biyu, na danna kibiya, na wuce ɗakin harafi biyun nan, na sake dannawa. Kwamfutar, da sabon kanta mai nauyi, ta ja labule a hankali. Ga shafi da manyan haruffa. Kafin in ankara, mata arba'in da 'yan kai da suka yi shekara uku suna jiran a ba su abin karantawa suka haɗa baki:

"Ya Allah ka dawo mini da aikina."

"Amin!" in ji ajin gaba ɗaya.

Na danna. "Ya Allah na tuba, ba zan ƙara girman kai ba."

"Amin, amin," in ji Hajiya Asabe, da ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

A nan ne na tuna abin da ke ɗakunan tsakiya. Na ce, "Don Allah ku matsa baya, kuna tare mini iska." Ba wadda ta motsa. Na dubi batir, kashi shida. Ba halin tsayawa, ba halin ɗaukar kwamfutar in gudu ofis, ba wata hanya sai ta cikin ɗakunan nan. Na yi ƙoƙarin dannawa da sauri, na'urar ta ƙi, sai ta tsaya a kowane ɗaki kamar mai gaida masu gida.

"Malam Sabi'u ne ya yi mini wannan," suka karanta, muryoyin sun ɗan ragu.

Na danna.

"Malam Sabi'u mahassadi ne."

Wannan ƙasa-ƙasa aka karanta shi. Na danna, ina fatan ƙasa ta tsage. Da na gaba ya bayyana, duk suka yi gum, masu saurin karatu sun riga sun gani sun toshe baki da hijabi. Amma Inna Hajjo, wadda ta fi kowa jinkiri, ba ta san an daina ba. Ta matso da fuskarta, ta sa yatsa a ƙarƙashin haruffan kamar yadda aka koya mata, ta ɗaga murya:

"Ge-mun-sa... ka-mar... tso-hu-war... tsin-tsi-ya. Ba-bur... ɗin-sa... sai... an... tu-ra."

Ta ɗago tana murmushi, tana jiran yabo. Sai ma'anar ta iso mata. "La ilaha illallahu," ta ce, ta koma da baya.

Ban iya ɗaga kai ba. Na ji Malam Sabi'u ya yi gyaran murya.

"Madalla, Inna. Ba ki yi kuskure ko ɗaya ba. Ko makin bai dawo ba, ni shaida ne kin iya karatu." Ya shafa gemunsa. "Ci gaba, Sakatariya, batir na tahiya. In akwai saura a kaina, a karanta da sauri."

Ajin ya fashe. Wata har da zama a ƙasa, goyonta ya farka ya kama kuka. Ni hawaye ne ke zuba, ina dannawa. Allah ya taimake ni sauran duk "gwaji gwaji" ne. Matan suka koma ƙirgawa da ƙarfi, tara, goma, sha ɗaya. Labule ya ja na ƙarshe, sai ga su. Suna, gari, maki, tun daga ta farko har ta arba'in da uku. Na danna kontirol da S, na sa wa fayil ɗin suna da yatsa ɗaya ina kallon kowane harafi kamar 'yar aji ɗaya. Ya adanu. Batir kashi uku. Ko minti biyar ba a yi ba fuskar ta yi baƙi.

Guɗar da aka yi, sai da masu shago na waje suka leƙo. Ban taɓa jin sauƙi irin na lokacin ba, ko a haihuwa. Amma sauƙin bai gama shiga ba na tuna akwai sauran aiki. A gaban matan na zarge shi, don haka a gabansu na durƙusa har ƙasa.

"Malam, ka yafe mini. Na zalunce ka, na yi maka ƙazafi, na kuma zage ka."

"Na yafe, ɗiyata, duniya da lahira. Tashi. Abu ɗaya ne ya yi mini daɗi: duk zagin nan, ba harafi ɗaya a kife."

Da aka kawo wuta washegari na buga jerin makin kwafi uku, ɗaya na kai masa da hannu biyu ya ajiye a jakarsa. Takardun shaida kuma na roƙi Hajiya a bar wurin suna fili, Malam ya cike da hannunsa. Ya zauna da alƙalaminsa ya rubuta arba'in da uku, kowanne kamar zanen hula. Na kankare jan farcen nan da reza, Malama Rukayya ta saita mini wasu madannan da ba mai rigima a kansu, ta kuma ce duk ran da aka sake sabunta na'ura in gwada su a shafin banza kafin in amince.

Ranar Asabar aka yi biki lafiya. Inna Hajjo ta karɓi shaidarta tana kuka, danginta na Tafoki suka cika rabin fili, har ni aka ba fura. Matan kuwa sun riga sun raɗa mini suna, Mai Ɗaki Sha Ɗaya, har yau a kasuwa da shi wasu ke kirana. Da aka watse, ina tattara kujeru, na ji tarin babur a bakin ƙofa, ya yi sau biyu ya mutu. Malam Sabi'u ya waigo, sabon aski, gemu an gyara shi tsaf.

"Sakatariya! Tsintsiyar dai na gyara. Zo ki tura wannan, tunda ke kika sanar da jama'a."

Na ɗaure mayafi a ƙugu na tura, da kayan bikina, mata na tafi.

Abin da na koya ba shi da yawa. Ba na ƙona takarda sai na ga 'yar'uwarta ta fito daga firinta. Ina kallon abin da hannuna ke yi. In kuma fushi ya taso mini har na ji sai na zagi wani, ina yi a zuciya, don a makarantar nan yanzu babu wadda ba ta iya karatu ba.